Jadawalin sojan Rum da ke cikin kayen yaranmu ya isa a yage shi

Makon jiya ɗan ƙanena, wanda ke ajin farko na kwaleji, ya kawo mini kayensa na tarihi don in karɓi haddarsa kafin kompozisiyon. Ina buɗe shafin sojan Rum sai ga jadawalin nan da na sani kamar yunwar cikina, an ja masa layi da jan bik. Lejiyon mutum 6,000. Kohort mutum 600. Santuri mutum 100. Daga gefe kuma an jera muƙamai: lega shi ne janar, tiribin shi ne kolonel, santuriyon kapiten, dekuriyon kaparal mai mutum goma. Yaron ya rufe ido ya zubo shi tas, ko tuntuɓe bai yi ba. Da ya gama na ce da shi, to a wane zamani ne Rumawa suka yi wannan tsari? Ya dube ni ya ce, "Baba, mushe bai ba mu wannan ba."

Ban ga laifin yaron ba. Mushensa ma ba zan ɗora masa kayan duka ba, domin ni kaina na yi shekaru ina rubuta wannan jadawali a tablo, ina ba da maki ga wanda ya maido mini shi yadda na ba shi, ina rage wa wanda ya kauce. Haka aka ba ni ina ɗalibi, haka na bayar. Saboda haka ƴan'uwana malamai, maganar da ni da ku ta shafa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Jadawalin nan kuskure ne ta fuska biyu. Lissafinsa bai yi daidai ba, wannan ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce yana sa yaro ya ɗauka sojan Rum tsani ne guda wanda kowa ke hawa daga ƙasa zuwa sama, alhali abin da ya fi komi cancantar a koya a darasin shi ne Rumawa ba su da irin wannan tsani.

Mu fara da lissafi. Sojan Rum ya yi fiye da shekara dubu yana sake kama, don haka duk lambar da aka bayar babu shekara a gefenta magana ce a iska. A ƙarni na biyu kafin Miladiyya wani Bagirke mai suna Polibiyus, wanda ya zauna a Rum ya kuma bi rundunoninta, ya rubuta yadda lejiyon take a zamaninsa: dakaru 4,200 da mahaya 300, in yaƙi ya tsananta a kai dakarun 5,000. Ana jera su sahu uku bisa shekaru. Samari 1,200 a gaba, magidanta masu ƙarfi 1,200 a tsakiya, tsofaffin hannu 600 a baya. Sauran 1,200, waɗanda suka fi ƙuruciya da talauci, masu jifa da mashi ne marasa sulke. Kowane sahu an kasa shi kashi goma da ake kira manipul, kowace manipul kuma santuriyon biyu ke riƙe da ita. Malamin lissafi ya taya mu: 120 a raba biyu, 60. A sahun baya kuwa 30. Ko an haɗa da masu jifa da ake rarraba musu, ba a kai ɗari.

A wancan zamani soja manomi ne mai sayen makaminsa da kansa, in yaƙi ya ƙare ya koma gona, muƙaminsa kuma ya ƙare tare da yaƙin. A shekara ta 171 kafin Miladiyya, da ake ɗibar soja don yaƙin Makidoniya, tsofaffin manyan santuriyon 23 suka kai ƙara don ana shirin ba su matsayin da bai kai wanda suka taɓa riƙewa ba. Ɗaya daga cikinsu, Sipuriyus Ligustinus, ya yi shekara 22 yana yaƙi, sau huɗu yana zama babban santuriyon na lejiyon, amma duk da haka sai abin da aka ba shi a sabuwar ɗiba. Wane kapiten ne yau za a kira daga gida a ce masa bana sarjan ne kai?

Kohort ta zo ta maye gurbin manipul daga baya, kuma a zamanin Yuliyus Kaisar ita ce ma'aunin yaƙi. Tsarin da yawancin hotunan littattafanmu ke nunawa na zamanin sarakuna ne, daga Agustus zuwa kamar shekara ɗari biyu bayansa, lokacin da soja ya zama sana'a ta shekara 25. Tushensa mutum takwas ne masu tanti ɗaya da alfadari ɗaya, suna niƙa hatsinsu tare suna dafawa tare. Tanti goma santuri ke nan, mutum 80. Santuri shida kohort ke nan, mutum 480. Lejiyon tana da kohort goma, sai dai daga ƙarshen ƙarni na farko kohort ta ɗaya ta zama mai santuri biyar masu ninki biyu, wato mutum 800. A haɗa 480 sau tara da 800, a sami 5,120, ga kuma mahaya 120 masu kai saƙo da leƙen hanya. Santuriyon ɗinta 59. Lambar 6,000 ɗin nan mai santsin hadda an same ta ne don an ɗauka santuri ɗari ce aka ninka sau sittin. Gaskiya ne Bejetiyus, marubucin da ya yi littafin yaƙi wajen shekara ta 400, ya ba da 6,100, amma shi yana tattara tsofaffin littattafai ne na zamani dabam-dabam, a lokacin da lejiyon ɗin da ke gabansa ta ragu zuwa kamar mutum dubu.

Za a ce ai kalmar santuri daga ɗari ta fito. Haka ne. Mu ma muna cewa jika guda alhali takarda ce tilo a aljihu, babu wata jikar da ake saɓawa. Suna yakan tsaya abin da ake nufi da shi ya yi gaba. Haka ya faru da dekuriyon. A zamanin Polibiyus dekuriyon uku ke cikin ayarin mahaya 30, kowa da goma. A zamanin sarakuna dekuriyon guda ke riƙe da ayarin duka, mahaya 30 da ƴan kai, kuma matsayinsa a wajen masu doki kusa yake da na santuriyon a wajen dakaru. Mu kuwa mun mai da shi kaparal.

Ko waɗannan lambobi na gaskiya ma a takarda suke. Kaisar da kansa ya rubuta cewa a yaƙin Farsalus na shekara ta 48 kafin Miladiyya yana da kohort 80 masu mutum 22,000, ke nan kowace 275, da ƙyar ta wuce rabi. A wani sansani mai suna Bindolanda, a arewacin Ingila ta yau, an tono wani siririn allo ɗauke da rahoton wata kohort ta ƴan taimako, na ranar 18 ga Mayu, a ƙarshen ƙarni na farko. Jimilla mutum 752, da santuriyon shida a ciki. Waɗanda ba su nan 456, cikinsu 337 an tura su wani sansani, wasu suna gadin gwamna, kuma santuriyon biyar duk suna waje. Waɗanda ke nan 296. A cikinsu 15 ba su da lafiya, 6 sun ji rauni, 10 na fama da ciwon ido. Masu iya aiki 265. A Bu Nujaim, cikin hamadar Libiya, irin wannan rahoto a kan tsingaro ake rubuta shi kowace safiya a shekarun 250, kuma sansanin da zai ɗauki ɗaruruwa mutum hamsin zuwa sittin ne a ciki: wane yana bakin ƙofa, wane a gidan burodi, wane a kwance, wane ana horonsa da tsumagiya. Duk malamin da ya taɓa kiran suna ranar kasuwa ko lokacin girbi ya san tazarar da ke tsakanin rajista da waɗanda ke zaune a benci. Me ya sa za mu koya wa yara cewa rajistar Rumawa kullum cike take?

Yanzu ga babbar matsalar. Da muka rubuta janar, kolonel, kapiten, kaparal, mun gaya wa yaro cewa mai ƙoƙari yana tashi daga wannan ya hau wancan. A Rum ƙofofin shiga soja dabam-dabam ne, kuma gidan da aka haifi mutum da dukiyar da ke gare shi su ke zaɓa masa ƙofa. Kafin a shiga majalisar dattawa sai an mallaki dinari 250,000 na azurfa. Kafin a shiga ajin da ke biye, wanda suke kira ajin masu doki, sai an mallaki 100,000. Albashin ƙaramin soja a zamanin Agustus dinari 225 ne a shekara, daga ciki ake cire kuɗin abinci da tufafi. Ko bai taɓa ko dala ba, sai ya yi shekara 444 kafin ya tara na ajin masu doki. In ya gama aiki lafiya a sallame shi da dinari 3,000.

Lega, mai riƙe da lejiyon, ɗan majalisar dattawa ne mai shekara talatin da wani abu. Yakan yi kamar shekara uku ya wuce zuwa wani muƙami, wataƙila gwamna, wataƙila aikin da ba ruwansa da yaƙi. Na biyu gare shi shi ne tiribin mai faffaɗan ratsi a riga, saurayi ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ɗan manyan gida da aka turo ya ga yadda ake yi kafin ya shiga siyasa. Na uku shi ne shugaban sansani, dattijo mai shekara hamsin ko sittin wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tanti, shi ke kula da gini da kaya da horo. Ku duba da kyau: yaron da jiya ya bar gidan ubansa yana gaba da mutumin da ya yi shekara talatin yana yaƙi. Sai tiribin biyar masu siririn ratsi, ƴan ajin masu doki, waɗanda aikinsu ya fi karkata ga shari'a da takardu. Piliniyus Ƙarami, sanannen marubucin wasiƙu, da ya yi nasa tiribin a Siriya binciken littattafan kuɗi aka sa shi. Babu wani tiribin da aka ba kohort aka ce ta zama tasa yadda kolonel ke da rundunarsa. A duk rubuce-rubucen da aka tono ba a sami muƙamin kumandan kohort na lejiyon ba, santuriyon shida ke riƙe da ita.

Santuriyon kuwa babu sunan zamani da zai ɗauke shi. Wani mutum 80 ke gare shi. Wani an ba shi sansani guda a bakin iyaka, kamar na Bu Nujaim lokacin da aka gina shi a 201, kwana da kwanaki tsakaninsa da wanda zai ba shi umurni. Babbansu, wanda ake kira pirimus pilus, yana zama shawara da lega, yana riƙe muƙamin shekara guda, daga nan ya shiga ajin masu doki. Masana na ƙiyasta albashin santuriyon ya ninka na ƙaramin soja kamar sau 15, na babbansu kuma kamar sau 60. To ajidan ne, kapiten ne, ko kumandan? Kama da wane ba ta wane. Da wani Bature zai rubuta a littafinsa cewa Kaura janar ne, Madawaki kolonel, Barde kapiten, da mutanen Maradi da Katsina sun yi dariya, don sun san sarauta tafe take da gida da naɗi da ƙasa da kusanci da Sarki, kuma wanda ya mai da ita galan kafaɗa bai fahimci komi ba. Abin da ba za mu yarda a yi wa namu tarihi ba, shi muke yi wa na Rumawa kowace shekara.

A Kasrin, ƙasar Tunisiya, akwai kabarin wani Petroniyus Fortunatus, kuma rubutun da ke jikinsa ya fi jadawalinmu koyarwa. Ya yi shekara 50 a soja. Shekara huɗu na farko ya yi magatakarda, ya yi mai riƙon kalmar sirri ta gadi, ya yi mataimakin santuriyon, ya yi mai tuta. Daga nan ya zama santuriyon, ya zauna a haka shekara 46, a lejiyon 13, daga Siriya har Birtaniya. Ya rayu shekara 80. In muka auna shi da tsaninmu, sai yaro ya ce mutumin nan ya gaza, shekara 46 ba ƙarin girma. A wajen Rumawa kuwa ya kai matsayin da yawancin sojoji ko mafarkinsa ba su yi, har ya gina wa kansa hubbare.

Irin su Fortunatus ne ƙashin bayan rundunar. Manya suna zuwa suna wucewa, su suna nan. Kuma a gaba suke tsayawa. Kaisar ya ce a Gergobiya, a shekara ta 52 kafin Miladiyya, ya rasa kusan mutum 700, cikinsu santuriyon 46, wato ɗaya cikin kowane 15, alhali a sahu ɗaya ne cikin sittin ko tamanin. Amma kada mu mai da su waliyyai. Alamar muƙaminsu sandar itacen inabi ce, kuma ba don ado suke riƙe ta ba. Tasitus ya ba da labarin tawayen da sojojin yankin kogin Danub suka yi a shekara ta 14, inda suka kashe wani santuriyon mai suna Lusiliyus, wanda in sanda ta karye a bayan soja sai ya nemi a miƙo masa wata, har abin ya zama laƙabinsa. Sojoji sun kuma koka da kuɗin da santuriyon ke karɓa kafin ya ɗauke wa mutum aikin wahala ko ya ba shi hutu. Abin ya yi ƙamari har a shekara ta 69 Sarki Oto ya ce baitulmali zai riƙa biyan wannan kuɗi a madadin sojoji. Jarumtaka da cin zali a jikin mutum guda, wannan abu ne da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya tunani a kai. Jadawali ba ya ba shi dama.

Uwaye, ga wani ɓangare da ya fi shafarku. Ƙarƙashin santuriyon akwai ƙananan muƙamai masu albashi ɗaya da rabi ko ninki biyu: mataimaki, mai kalmar sirri, mai busa ƙaho, da mai tuta wanda shi ke riƙe ajiyar kuɗin sojoji, don haka dole ya iya rubutu da lissafi. Akwai kuma masu sana'a da aka ɗauke wa aikin wahala ko da albashinsu bai ƙaru ba, irin su maƙera, masu magani, masu awon ƙasa da magatakarda. A watan Maris na shekara ta 107 wani soja mutumin Masar, Yuliyus Apolinariyus, ya rubuto wa ubansa daga sabon lardin Arebiya cewa abokansa suna yini suna fasa dutse, shi kuwa an ɗauke masa, don ya je ya roƙi gwamna aikin magatakarda an kuma ba shi na lejiyon. Alƙalami ne ya raba shi da fasa dutse. Wannan ƙaramin tsani shi ne na talaka, kuma matakinsa na farko karatu ne.

Sai kuma hanya ta uku, wadda ba ta cikin kowane jadawali: uwa a gindin murhu. Piliniyus ya faɗa a wata wasiƙa cewa shi ya samo wa wani ɗan garinsu muƙamin santuriyon, ya kuma ba shi kuɗin da ya kai dinari 10,000 na sayen kaya. Labarin da ya kamata kowane malami ya sani shi ne na Pertinaks. Ɗan ƴantaccen bawa ne, malamin nahawu, ya ga koyarwa ba ta riƙe shi, ya bi ta hannun ubangidan mahaifinsa ya nemi santuriyon, ya ƙare da riƙon kohort ta ƴan taimako a Siriya. Ya yi ta hawa har ya zama sarkin Rum a farkon shekara ta 193, dogarawansa suka kashe shi kafin ya cika wata uku. Ke nan bangon da ke tsakanin azuzuwan yana da kafa, amma sai wanda ke da mai riƙe masa hannu ke bi ta ciki. Bangon bai rushe sosai ba sai wajen shekara ta 260, lokacin da daular ke neman wargajewa, Sarki Galiyenus ya janye ƴan majalisa daga riƙon lejiyon ya miƙa wa waɗanda suka san yaƙi. Bayan haka ne ƴaƴan talakawa irin su Oreliyan da Diyokletiyan suka hau gadon sarauta.

Jadawalin ya kuma bar rabin sojan a waje. Lejiyon ta ƴan ƙasa ce kawai, masu haƙƙin ɗan Rum. Sauran mutanen daular suna shiga rundunonin taimako, kohort ta dakaru mai kamar mutum 480 ko 800, ko rundunar doki mai ayari 16. Tasitus ya ce a shekara ta 23 yawansu bai yi nisa da na lejiyon ba. Cikinsu akwai maharba daga Siriya da mahaya daga Numidiya da Muritaniya ta dā, wato Aljeriya da Maroko na yau. Albashinsu bai kai na lejiyon ba, ladansu kuwa shi ne bayan shekara 25 a ba su haƙƙin ɗan ƙasa, a rubuta a faifan tagulla. Ɗaya daga cikin shugabannin mahayan nan na arewacin Afirka, Lusiyus Kiyetus, ya yi wa Sarki Tarajan yaƙi har aka shigar da shi majalisar dattawa ya zama gwamnan Yahudiya a 117. Yaron Afirka yana haddace darasin sojan Rum, an share ƴan Afirkan da ke ciki.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a ɗakin malamai. Ta farko, wai yara ƙanana ne, sai an sauƙaƙa musu. Na yarda a sauƙaƙa. Amma 80 ba ta fi 100 wuyar riƙewa ba, kuma tanti goma na mutum takwas-takwas ya fi zama a kai bisa lambar da ba ta da dalili. Sauƙaƙawa ita ce a zaɓi zamani guda a faɗi gaskiyarsa a taƙaice. Abin da muke yi shi ne gauraya zamani uku mu liƙa musu galan sojanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da aka haddace a ajin farko da wuya ya fita. Ni sai da na yi shekaru ina koyarwa kafin nawa ya fita.

Ta biyu, wai abin da za a tambaya a jarabawa ke nan. Kompozisiyon na aji mu muke tsara shi, mu muke gyara shi. Babu wanda ya riƙe mana hannu ya ce mu soke amsar yaron da ya rubuta 80. In kuma akwai littafin da ke ɗauke da kuskuren, masu duba malamai da magabatan ilimi su ne ya kamata a kai wa maganar a taron horo, da hujja a hannu. Rage wa yaro maki don ya faɗi gaskiya yana koya masa darasin da ya fi na Rum daɗewa a zuciya: cewa abin da mushe ke so ya fi abin da yake daidai.

Ta uku ita ce wadda na fi girmamawa: wai me ya haɗa mu da Rum, a bar ta a koya wa yara Gobir da Damagaram da Kabi. Tarihinmu shi ne gaba, ban ja ba. Amma Rum ba ta yi mana nisan da ake zato ba. Lejiyon ta uku ta Agustus ta yi ƙarnuka a arewacin Afirka, hedkwatarta a Lambez kusa da Batna, inda Sarki Hadiriyan ya je duba ta a 128. Sojojinta sun yi gadi a Gadamas, garin da fatakensa suka zo suka yi gidaje a Damagaram da Kano ƙarnuka bayan haka. Sarki Saptimiyus Saberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Libiya ne. Rumawan da sura guda ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansu magadan wannan daula ne ta ɓangaren gabas. Kuma yaron da ya koyi tambayar wa ke iya hawa wane muƙami a Rum, da wane dalili, zai yi wannan tambayar ga fadar Gobir, zai yi ta ga kowace hukuma da zai tarar in ya girma.

Abin da nake roƙo bai buƙatar sabon littafi ko kuɗin kowa. Awa guda ta isa. Malami ya rubuta shekara a saman tablo, a ce wajen shekara ta 100 Miladiyya. In ajinsa na da ɗalibi 80, kuma ba mu rasa irinsa ba, ya kasa su takwas-takwas, ga santuri ta tsaya a gabansa. Su da kansu su ninka su kai 480, su kai 5,120. Ya ba su lambobin Bindolanda su yi ragi su ga mutum nawa suka rage. Daga nan ya zana ƙofofi uku, ta ɗan majalisa, ta mai doki, ta talaka, ya ba su labarin Fortunatus da na saurayin mai faffaɗan ratsi, ya tambaye su wa ya kamata ya ba wani umurni. Ya bar su su yi gardama. Kada ya rubuta janar ko kapiten ko sau ɗaya.

Ku kuma uwaye, ba sai kun san Latin ba. In yaro ya zo muku da hadda irin wannan, ku tambaye shi a wane zamani, ku tambaye shi wa ya faɗa. In bai sani ba, ku ce ya tambayo mushe cikin ladabi. Malamin ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ɗan ƙanena na ce ya bar shafinsa yadda yake, na rubuta masa 8, 80, 480 da fensir a gefe, tare da shekara. Na kuma ce ya gaya wa mushensa ina nan tafe ranar Asabar mu sha shayi, zan zo da lissafin Bindolanda a aljihu. Ku ma da ke da irin wannan shafi a tsohon kayen shirin darasinku, ku ciro shi kafin a koma hutu mai zuwa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.